An Yi Aikin Baya, Ciwo Bai Tafi Ba: Ina Mara Lafiya Zai Dosa?

Ciwon baya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Manomin da ya wuni duƙe a gona ya san shi, matar da ta tashi da daka tun asuba ta san shi, haka ɗan ga-ruwa da ɗan kabu-kabu da direban babbar mota da ke bin hanyar Agadas, har ma da ma'aikacin da ke zaune a biro daga safe zuwa la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 a 2050. Mafi yawansu ciwon kan lafa da kansa cikin ƴan makonni.

To amma akwai wani rukuni na mutane da ba a cika jin labarinsu ba, su ne waɗanda ciwon ya kai su ga wuƙar likita. An sayar da gona ko shanu, dangi sun yi karo-karo, an tafi Yamai ko Kano, wasu ma har Tunisiya ko Indiya, an kashe miliyoyin sefa. An dawo gida, ƴan barka sun cika zaure. Bayan wata uku ko shida sai ciwon ya sake ɗago kai, wani lokaci ma ya fi na da. Irin wannan mutum yakan rasa bakin magana, domin kunya ba ta barinsa ya gaya wa waɗanda suka haɗa masa kuɗi cewa har yanzu ba ya barci. Daga nan sai ya shiga yawon neman magani a ɓoye, daga wannan hannu zuwa wancan.

Likitoci sun san wannan matsala, har suna da suna da suka ba ta. Shekaru da dama suna kiranta ciwon aikin baya da bai ci nasara ba, sai a 2021 wasu masana suka kawo shawarar a riƙa ce mata ciwon baya mai naci bayan tiyata, saboda tsohon sunan yana nuna kamar dole wani ya yi kuskure. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, daga cikin mutum 100 da aka yi wa aikin ƙugu, tsakanin 10 zuwa 40 kan ci gaba da jin ciwo. Wannan lissafi daga manyan asibitocin Turai da Amurka ya fito, saboda haka ba maganar rashin kayan aiki ba ce kawai.

Me ya sa ciwon ke dawowa?

Ƙashin ƙugu gaɓoɓi 5 ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke aikin matashi. Idan faifan ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, sai mutum ya ji ciwo na tsarga masa daga ɗuwawu har zuwa yatsu. Galibi faifai biyun da ke can ƙasa ne ke yin haka, don su ke ɗauke da nauyin jiki. Likita yakan buɗe ya cire abin da ya ɓullo, ko ya faɗaɗa hanyar jijiya, ko ya haɗe gaɓoɓi biyu da ƙarfe da kusoshi.

Abin da ba kowa ake yi wa bayani ba kafin a shiga ɗakin tiyata shi ne, irin wannan aiki ya fi magance ciwon da ke sauka ƙafa a kan ciwon da ke zaune a bayan kansa. Kuma bayan aiki abubuwa da yawa na iya faruwa. Faifan na iya sake ɓullowa a wuri guda. Tabon ciki na iya naɗe jijiyar ya riƙe ta. Idan an haɗe gaɓoɓi, na sama da na ƙasa su ke ɗaukar wahalar, sai su lalace da wuri. Jijiyar da ta daɗe a danne kuma, ko an ɗage mata nauyin, takan ci gaba da aika saƙon ciwo kamar ba a yi komai ba. Wani lokacin ma abin da aka gani a hoto ba shi ne tushen ciwon ba tun farko. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba su jin ciwon komai, aka ga kashi 30 cikin 100 na ƴan shekara 20 faifansu ya ɗan turo, a ƴan shekara 80 kuwa kashi 84 ne. Ashe hoto na iya nuna lahani a bayan da lafiyarsa lau. Masu shan taba su ma ƙashinsu ba ya saurin haɗewa bayan aiki.

Saboda haka kafin a yi zancen kowane irin magani, matakin farko shi ne a koma asibiti a bincika. Akwai ma alamomin da ba a kwana da su: idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sanin mutum ba, idan tsakanin cinyoyi ya mutu, idan ƙafa na ƙara rauni kullum har tana jan ƙasa, idan akwai zazzaɓi da rama, ko wurin ɗinki na fitar da ruwa. A yankinmu tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma maganinsa na asibiti ne, ana shan sa watanni. Wanda ya tsaya shan jiƙo a kan wannan yana iya wayar gari ƙafafu sun shanye.

Idan an bincika ba a ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai tambaya ta biyo: a sake yin aiki? Alƙaluman da likitocin ƙashin baya suka daɗe suna ambata ba masu ƙarfafa gwiwa ba ne. Sun ce nasarar aiki na biyu ba ta wuce kashi 30 cikin 100, na uku 15, na huɗu kuwa 5. Akwai inda sake aikin ya zama dole, kamar idan jijiya na danne a fili ko ƙarfe ya goce. In ba haka ba, likita mai gaskiya yakan ce a dakata.

Abin da aka gwada aka gani

A ƙasar Norwe an yi wani gwaji da ya dace da maganarmu sosai, aka buga sakamakonsa a 2006. An ɗauki mutum 60 waɗanda aka taɓa yi wa aikin faifai amma ciwon baya bai bar su ba, aka raba su gida biyu. Rukunin farko aka sake yi musu aiki, aka haɗe gaɓoɓin da ƙarfe. Rukuni na biyu ba a taɓa su da wuƙa ba. An zaunar da su aka yi musu bayani cewa motsi na yau da kullum ba zai lalata musu baya ba, su duƙa, su yi amfani da bayansu, sannan aka sa su motsa jiki sau uku a rana har mako 3. Bayan shekara guda aka auna: waɗanda suka samu sauƙi a rukunin ƙarfe kashi 50 ne cikin 100, a rukunin bayani da motsi kashi 48. Kusan kunnen doki ke nan, ga shi ɗaya hanyar ba ta buƙatar jirgin sama ko sayar da gona.

Wannan ya yi daidai da ƙa'idojin da OMS ta fitar a watan Disamba na 2023 a kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Gaskiya ne an rubuta su ne don wanda ba a gano wata cuta takamaimai a bayansa ba, ba musamman don wanda aka yi wa tiyata ba, amma likitoci na bin kusan hanya guda ga duka biyun. Hukumar ta goyi bayan ilimantar da mara lafiya, da motsa jiki mai tsari, da tausa, da allurar Sinawa, da zama da masanin halayyar ɗan Adam. Ta kuma ce a guji ɗamarar baya da ake ɗaurawa kullum, da na'urar jan ƙashin baya, da ƙwayoyin dangin Tramol.

Maganar motsi ita ce ta fi wuyar shiga kunnen mutanenmu. A al'adarmu mara lafiya kwanciya yake yi, wanda ya ga ya tashi sai ya ce masa ya koma ya huta. Ga wanda aka yi wa aikin baya abin ya ninka, don yana jin kamar ɗinkin zai farke. Sai ya shekara a kan tabarma, naman baya da na ciki su saki, cinyoyi su rame, ranar da ya yunƙura ciwon ya fi na jiya, sai ya ƙara tabbatar wa kansa cewa motsi ne ke cutar da shi. Ma'aikatan da ake kira kine a manyan asibitocinmu aikinsu ke nan, su warware wannan ƙulli. Ba tausa kawai suke yi ba kamar yadda wasu ke zato. Kine na gari zai koya wa mutum yadda zai tashi daga kwance, yadda zai ɗauki buta ko buhu kusa da jikinsa, da motsin da zai riƙa yi a gida shi kaɗai. Matsalar ita ce ba su da yawa, kuma a birane suke. Wanda ya fito daga ƙauye ya fi masa amfani ya je sau biyu ko uku ya koyi motsin da kyau, ya tafi da wani nasa da zai riƙe masa, a kan ya kama ɗaki a gari yana jiran a riƙa ɗora masa na'ura mai ɗumi.

Tafiya a ƙasa kuwa ba ta buƙatar kowa. Idan minti 5 mutum ke iyawa yau ba tare da ciwon ya tashi ba, ya tsaya a kan 5 ɗin safe da yamma, bayan mako ya ƙara kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne, ranar da aka ji dama-dama sai a ce bari a rama aikin wata guda, a share gida, a je kasuwa, a leƙa gona, washegari a kwanta kwana huɗu. Nan ne iyali ke da rawar takawa, musamman idan mara lafiyar mace ce. Matar da aka cire wa faifai ba ta kamata ta koma wa turmi da guga da ɗaukar itace kamar da ba, amma kuma bai dace a mayar da ita gunki a ɗaka ba. Kuɗin niƙa a inji ya fi kuɗin komawa tiyata sauƙi, maigida ya yi wannan lissafi.

Allurar Sinawa da ƙaho

Tun 1976 ƙasar Sin ke aiko da ayarin likitoci Nijar, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma ta hannunsu ne mutane da dama suka fara ganin ƴan siraran alluran nan da ake kafawa a jiki. Shin suna aiki? A Jamus an gwada su a kan mutum 1,162 masu ciwon ƙugu, aka fitar da sakamako a 2007. Waɗanda aka yi wa allurar a bisa ƙa'idar Sinawa, kusan kashi 48 cikin 100 sun ji sauƙi bayan wata 6. Waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda aka bar su da maganin da aka saba, kashi 27. Mai karatu na iya fassara wannan yadda ya ga dama. Ni dai abin da na fahimta shi ne, allurar na kawo sauƙi ga wasu, amma sirrin ba a wurin da aka kafa ta yake ba. Idan a asibiti ake yi, da allura sabuwa, kuma kuɗin bai fi ƙarfin mutum ba, babu laifi a gwada na ƴan makonni. In ba a ga canji ba a bari.

Ƙaho kuma namu ne tun kaka da kakanni, aikin wanzamai ne, yanzu ga shagunan hijama sun yawaita a birane da kofunan roba. Mutane da yawa na cewa suna jin jiki ya saki bayan an yi musu, kuma babu dalilin ƙaryata su. Sai dai a Barazil an gwada ƙahon da ba a tsagawa a kan mutum 90 har mako 8, rabi na gaske rabi na bogi wanda ba ya tsotsa, sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna wani bambanci ba. Jinin da ƙaho ke fitarwa na fata ne, ba ya kaiwa ga jijiyar da ke can cikin ƙashi. Wanda zai yi don neman sauƙi ko don bin sunna, ya tabbata askar sabuwa ce an buɗe ta a gabansa, don ciwon hanta da sida na bin aska, kuma kada a kafa a kan tabon tiyata. Mai ciwon suga da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna.

Inda ya kamata a ja layi shi ne wajen sakiya da ƙarfe mai zafi, da masu ja da murɗa baya har ya yi ƙara, da ɗabi'ar nan ta sa yaro ya hau ya tattaka. Maɗoranmu sun iya karayar hannu da ƙafa, wasunsu gadon gidansu ne, amma bayan da aka sassaƙe masa ƙashi ko aka ɗaure shi da kusoshi ba irin wanda kakanninsu suka saba taɓawa ba ne. Tausa mai laushi da man kaɗe ko man zaitun daban take, tana sassauta nama, tana sa barci. Haka ɗumi: masu ciwon gaɓoɓi sun daɗe suna zuwa maɓulɓular ruwan zafi ta Tafadek a arewacin Agadas, kuma abin da suke samu a can, tsumma da ruwan ɗumi na ba da kwatankwacinsa a gida, wato sauƙi na ɗan lokaci wanda ke ba mutum damar ya motsa. Abin mamaki, a cikin itatuwan magani da OMS ta duba, wanda ta amince da shi namu ne na miya, barkono, wato tonka. Amma man shafawa ko filastar da aka haɗa a ma'auni ake nufi, ba a daka tonka a shafa a kan tabo ba.

Kasuwar masu ciwo

Duk wanda ke aiki a gidan rediyo ya san yawan lokacin da masu maganin gargajiya ke saye, kuma ya san cewa da wuya a yi tallar da ba a ambaci ciwon baya da sanyin ƙashi ba. A cikinsu akwai masu sana'a ta gaskiya, waɗanda idan abu ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi asibiti. Akwai kuma masu gora ɗaya da ke maganin basir da suga da hawan jini da rashin haihuwa da ciwon baya a lokaci guda. Mutumin da likita ya riga ya yanka bai warke ba shi ne abincin irin waɗannan, don ya yanke ƙauna daga asibiti, kuma a shirye yake ya yarda cewa jifa ne ko sammu. Haɗarin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. A ƙasashe da dama an sha kama haɗe-haɗen da ake cewa na itace ne zalla, aka tarar an zuba musu ƙwayoyin asibiti irin su dexamethasone. Mai sha zai ji garau a kwanakin farko, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na kan tire da bayan keke. Tramol na farmasi galibi miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a rana ga babban mutum. Na bakin titi kuwa akwai mai 120, da 200, da 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka kamu da shi ba don shaye-shaye suka fara ba, ciwo ne ya kai su. Jiki na sabawa da shi, sai an ƙara, ga faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma idan aka daɗe ana sha yakan sa jiki ya ƙara jin ciwon ma. Diclofenac da ibuprofen suna da amfani idan ciwon ya taso, na ƴan kwanaki, bayan an ci abinci. Wanda ya mayar da su goro yana sha kullum, a zafin nan namu da ƙarancin shan ruwa, yana wasa da ƙodarsa da tumbinsa. Ciwon jijiya mai zafi kamar wuta ko tsikarin allura yana da nasa magunguna daban, waɗanda sai likita ya rubuta ya kuma riƙa bibiya.

Masu hali kuma akwai abin da ake yi musu tayi a ƙasashen waje: wata ƴar na'ura mai batir da ake dasawa a jiki tana aika wuta kaɗan-kaɗan zuwa laka don ta rufe saƙon ciwo. Tun 1967 aka fara dasa ta a Amurka. Wani gwaji na 2007 a kan mutum 100 da aka yi wa aikin baya ya nuna kashi 48 cikin 100 ciwon ƙafarsu ya ragu da rabi, a inda masu shan magani kawai kashi 9 ne. Amma a 2022, da likitocin Norwe suka gwada mutum 50 ta hanyar kunna na'urar da kashe ta ba tare da sun sani ba, ba a ga bambanci ba. Har yanzu masana na jayayya a kanta, ga tsada, ga buƙatar komawa gyara lokaci-lokaci.

Saura batun zuciya, wanda mu kan ji nauyin faɗa. Mutumin da ya saba ci da iyalinsa ya koma sai an ba shi, ga bashin tiyata a wuya, ga dare ba barci, dole ransa ya ɓaci, kuma an tabbatar cewa damuwa da rashin barci na ƙara ƙarfin ciwo. Idan likita ya ce a ga masanin ƙwaƙwalwa, ba yana nufin mutum ya haukace ko ƙarya yake yi ba. Addu'a da tofi da zama da malami na gari suna kwantar da hankali, ba su kuma hana motsa jiki ko komawa asibiti. Malamai sun yi bayani cewa wanda ba ya iya ruku'u da sujada ya yi salla a zaune, saboda haka babu dalilin ƙaurace wa masallaci. Takawar nan zuwa jam'i sau biyar a rana ma tana cikin magani, ga gaisawa da mutane.

Ranar da za a koma wurin likita a tafi da duk hotunan da aka ɗauka kafin aiki da bayansa, da sunayen magungunan da ake sha har da na gargajiya, ba tare da ɓoye Tramol ba in ana shan sa. Takardar da ta fi kowace muhimmanci ita ce rahoton tiyata, wanda ke faɗin gaɓar da aka taɓa, abin da aka cire da irin ƙarfen da aka sa. Mutane da yawa da aka yi wa aiki a waje sukan dawo ba tare da ita ba, ko su dawo da ita cikin Ingilishi ko Larabci su jefa a akwati. Wanda bai karɓo tasa ba yana da damar neman asibitin ya aiko masa, ko da hotonta ne ta wayar salula.